Harafin da Ya Raba Yayana da Inna

Ranar da aka ba yayana lambar yabo ta aikin jarida, ni na raka shi, domin a lokacin idanunsa sun yi rauni, sai an riƙe masa hannu a matakala. Wani mai zaƙin baki ya tashi ya karanta tarihinsa. Ya ce wannan shi ne gwarzon da bai ji tsoron masu sarauta ba tun a shekarun hamsin, wanda ya dubi mai unguwa ya zage shi ta uwa a jarida, aka yi masa bulala, aka ɗaure shi, bai ce wayyo ba. Ɗakin ya ɗauki tafi. Na waiga na ga Yaya ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Ni kuwa raina ya ɓaci har na ji kamar in tashi in fizge takardar daga hannun mai karatun. Yaya bai taɓa zagin uwar kowa ba. Abin da ya faru ya fi haka ciwo, kuma yanzu ni kaɗai na rage da na san yadda aka yi.

Gidanmu yana cikin birni, a wata 'yar unguwa da ba ta da nisa da Dala. Ba zan faɗi sunanta ba, don jikokin mutanen suna nan da ransu. Katanga ɗaya ce ta raba mu da gidan wata mata da muke kira Inna. Lokacin da aka haifi Yaya, mahaifiyarmu ta kwanta ciwon nono mai tsanani, Inna kuwa ba ta daɗe da haihuwar ɗanta na fari ba. Sai ta sa aka miƙo mata jaririn, ta haɗa su biyu ta shayar har yaye. Da mahaifiyarmu ta rasu daga baya, ba mu san wata uwa ba sai ita.

Kakannin Inna Larabawa ne fatake da suka zauna a birni tun da daɗewa. Doguwa ce, fara, ga dogon hanci, ga faɗa. Gurasarta da alkakinta har daga Koki ake aikowa saye. Amma abin da aka fi saninta da shi, ba ta rantsuwa. Idan ta ce abu kaza ya faru, an rufe magana. Matan unguwa wajenta suke kai ajiyar 'yan kunne da zannuwa, kuma idan rigima ta tashi tsakanin maƙwabta, sai ka ji ana cewa a je a tambayi Inna.

'Ya'yan nata biyu kowa ya kama hanyarsa. Wanda ta haifa ya gaji mahaifinsa a matsayin mai unguwa, yana nan gidan tare da ita. Yaya kuwa aka kai shi boko, ya yi ɗan aikin ofis, ya yi faɗa da shugabansa ya fito, ya kama aikin jarida daidai lokacin da siyasar jam'iyyu ta shigo gari ta raba wa da ƙani. Yana tare da 'yan adawa, mai unguwa kuma dole yana tare da masu mulki. Duk da haka, Yaya ba ya hawa kekensa da safe sai ya leƙa ya gaida Inna, ita kuma ba ta sauke gurasa daga tanderu ba tare da ta miƙo masa tasa ta kan katanga ba.

A shekarun nan aurena ya mutu, na dawo gida ina kitso, ina kuma dafa masa abinci. Don haka na ga yadda yake aiki. Ba ya zama. Yau yana kotu ya rakuɓe a baya da fensirinsa, gobe yana kasuwa wajen mahauta da aka ƙara wa kuɗin rumfa, jibi yana ƙauye inda aka tsare wani saboda ya halarci lacca. Ba ya rubuta abu sai ya ji daga baki fiye da ɗaya, kuma in ya rubuta, ko sama za ta faɗo ba ya janyewa. Mutane suna kiran wannan jarunta. Ni da na tashi da shi na san taurin kai ne tun na yarinta, ya samu inda ake yaba masa.

Jaridar tasu 'yar ƙarama ce, a wajen gari ake buga ta, a injin wani mutumin Kudu. Baƙaƙen da ke injin na Turanci ne zalla, babu namu masu ƙugiya. Duk inda Yaya ya rubuta ƙ, sai ta fito k. Haka ɗ, haka ɓ. Yakan yi dariya ya ce kullum yana rubuta ƙasa, injin yana mayar masa da ita kasa, macijiya. Ba wanda abin ya dama, domin mai karatu da harshensa yake mayar da ƙugiyar inda take. Kuma a unguwarmu masu karatun boko ba su da yawa. Mutum ɗaya ne zai riƙe jarida bayan la'asar a wani zaure ko a shagon tela, ya karanta da ƙarfi, saura su saurara. Abin da bakinsa ya furta, shi ne abin da jarida ta ce. Ni ma a lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba, sai daga baya na shiga ajin manya.

Akwai wani fili a tsakiyar unguwa mai tsohuwar rijiya. Kowa a nan yake ɗiban ruwa, dukawa kuma suna shanya fata a gefe. Da 'yan adawa suka fara yin lacca a wurin, sai rannan muka wayi gari magina suna kwaɓa ƙasa. Mai unguwa ya sa an kewaye filin har da rijiyar, ya ce gadon mahaifiyarsa ne daga ubanta. Ruwa ya zama sai an je wata unguwa. Yaya ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya. Suka gaya masa ai tun suna samari mahaifin Inna ya taɓa tayar da wannan magana, manyan lokacin suka zauna suka ce fili na jama'a ne, aka bar ta.

Da ya karanta mini abin da ya rubuta, sai na ji ya ambaci Inna a ciki.

Na ce, "Yaya, ka cire Inna daga ciki."

Ya ce, "Ni ba da Inna nake ba. Da masu fakewa da sunanta nake."

"To ka faɗi haka mana."

"Ai na faɗa, ga shi nan a ciki. Ke dai ji da tuwonki, ga shi can yana ƙauri."

Kan labarin shi ne: "Maganar mahaifiyar mai unguwa, tsohuwar ƙarya ce." Haka ya rubuta, haka na ji da kunnena. Injin ya buga ta ba ƙugiya, kamar kullum.

Jaridar ta isa zauren mai unguwa, magatakardansa ya miƙe ya karanta wa jama'a. Mutumin nan shekara da shekaru yana karanta jaridar nan, bai taɓa mayar da ƙasa macijiya ba. Amma ran nan ya gyara murya ya karanta abin da idonsa ya gani: "Maganar mahaifiyar mai unguwa, tsohuwar karya ce." Karya, macen kare. Har gobe ba wanda zai sa in yarda kuskure ya yi. Kafin magariba babu gidan da maganar ba ta shiga ba, cewa yaron da Inna ta shayar ya kira ta tsohuwar karya a takardar da ake sayarwa har Zariya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mutanen Yaya ne suka fi kowa murna. Samarin jam'iyyarsu, waɗanda cikinsu akwai masu karatu sarai, suka ɗauki karatun magatakarda suka rungume, don ya fi daɗin faɗa. Suka riƙa bin lungu suna yi wa Yaya kirari. Wasu marasa tarbiyya suka tsaya a ƙofar gidan Inna suna haushi kamar karnuka. Ina jin su ta kan katanga, ina kuma jin shirun da ke cikin gidan. Yaya ya fita da sanda ya kore su, ya nufi zauren don ya shiga wajenta, barorin mai unguwa suka tare ƙofa. Washegari da hantsi 'yan doka suka zo suka tafi da shi.

Ranar shari'a na tsuguna a waje cikin mata masu jiran ƙarar aure, ta taga nake jin abin da ake yi. Alƙali ya sa aka karanta kan labarin, aka karanta da kare.

Yaya ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba haka na rubuta ba. Ƙarya na ce, akasin gaskiya."

Alƙali bai san boko ba, ajami ya sani. Ya ce, "A rubutun da muka sani, wannan harafi daban, wancan daban, ko ɗan yaro ba ya haɗa su. In ƙarya kake nufi, me ya hana ka rubuta ƙarya?"

"Na rubuta. Injin ne ba shi da harafin."

"To injin za mu ɗaure ke nan?"

Aka kwashe da dariya. Alƙali ya sa aka kira wani malamin ofis ya duba, ya tambaye shi abu ɗaya: harafin da ke takardar, na kare ne ko na ƙarya? Mutumin ya ce in dai abin da ke rubuce ne, na kare ne, amma... Alƙali ya ce amma ɗin ya riƙe kayansa. Mai injin kuwa an aika masa, ya ce shi ba ya shiga birni a kan rigimar da ba ya jin yarenta. Aka yanke wa Yaya bulala a bainar jama'a da ɗaurin watanni.

Ban je wajen bulalar ba. Rigarsa aka kawo mini in wanke. Na jiƙa ta na sake ruwa, na sake, bayan rigar bai koma fari ba, daga ƙarshe na tura ta cikin murhu.

Da aka bar ni na kai masa abinci gidan yari, na same shi an aske masa kai, ba ya iya jingina da bango. Na zaci zai tambaye ni jarida, ko abokansa. Ko ɗaya.

Ya ce, "Kin shiga wajen Inna?"

Na ce, "Ba a barin kowa daga gidanmu."

"Ke mace ce, ba za su tare ki da ƙarfi ba. Ki je ki gaya mata. Ki furta mata kalmar da bakinki, ta ji bambancin. Bulala ta wuce, ɗauri zai wuce. Amma in Inna ta mutu tana zaton na kira ta haka, ban san inda zan sa kaina ba. Nononta na sha."

Na je. Na ja mayafi na bi ta gaban barorin nan ban ko dube su ba. Na same ta zaune gaban tanderu, hannunta dumu-dumu da ƙullu. Ta rame, idanunta sun zurma. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Aiko ki aka yi?"

Na ce, "Eh, Inna."

Na ɗauko jaridar daga cikin zani na shimfiɗa a gabanta, abin dariya, ni ban iya karatu ba, ita ba ta iya ba. Na ɗora yatsa a inda nake zaton wurin ne, na shiga yi mata bayanin ƙugiya da inji da mutumin Kudu. Ina ta maimaita ƙa da ka kamar mai koya wa yaro magana. Matan gidan suka taru a bakin ɗakuna suna kallo.

Ta ce, "Sake faɗa."

"Ƙarya, Inna. Tsohuwar ƙarya."

"Wato ba kare ba."

"Wallahi ba kare ba. Ni ya fara karanta wa kafin a buga."

Na ji daɗi ya fara kama ni, na ce a raina shi ke nan, an gama. Ta kankare ƙullun hannunta a bakin ƙwarya, a hankali, sannan ta ɗago ta dube ni.

"To wa ya yi ƙaryar?"

Na ce, "Ai masu fakewa da sunanki yake nufi."

"Babu mai fakewa da sunana. Ni na ce da ɗana ya kewaye filin, tunda an mayar da shi wurin zage-zage. Ubana da hannunsa ya nuna mini shi ina yarinya, ya ce nasa ne, danne masa aka yi. Yanzu gaya mini, ubana ne maƙaryacin ko ni?"

Ta ci gaba, muryarta ko rawa ba ta yi.

"Da aka ce ya kira ni karya, na yi kuka, na daina cin abinci. Amma na ce a raina zuga ce ta 'yan siyasa, fushi ne ya kwashe shi. Zai huce ya zo, in ja masa kunne, ya wuce. Kowa a garin nan ya san ni ba karya ba ce, ƙafata biyu. Yanzu kin zo kin ce mini da hankalinsa ya zauna, ya bi dattawa, ya auna, sannan ya rubuta wa duniya cewa maganata ƙarya ce. Wannan ai mutane za su iya yarda. Da kin bar ni da karen, 'yar nan."

Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in yana son ta yafe masa, hanya ɗaya ce. Ya rubuta a takardar tasa, inda ya rubuta wancan, cewa filin na ubanta ne.

Da na koma gidan yari, ban ɓoye wa Yaya ko kalma ɗaya ba. An ce ko a wajen bulala bai zubar da hawaye ba, amma ran nan na ga sun sauko, bai ko share ba.

Ya ce, "Ban san ita ta ce ba. Wallahi ban sani ba."

Na ce, "To yanzu ka sani. Layi biyu ne, ka rubuta ka huta."

"In na rubuta, rijiyar ta tafi ke nan har abada. Kuma filin ba nasu ba ne. Ta yarda da abin da ubanta ya gaya mata, ba laifinta ba ne, amma ba nasu ba ne."

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Rijiya ce ta shayar da kai? Ko dattawan nan ne suka goya ka? Waɗanda kake yi dominsu suna can suna haushi a ƙofarta da sunanka!"

Ya ce, "Ki ce mata in ta ce in kwanta ta bi ta kaina, zan kwanta. Amma wannan ba zan iya ba."

Na kwashe kwanukana na fito ban yi masa sallama ba. Na kai wa Inna saƙon kamar yadda ya faɗa. Ta ce, "To," ta ci gaba da manna gurasa a tanderu.

Har yau ban gama yanke wa kaina wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba, kuma ina jin haushin su duka biyun. Abin da na sani, katangar filin ba ta rushe ba, matan unguwa suka ci gaba da aika sayen ruwa. Jaridar kuwa ta samu kasuwar da ba ta taɓa samu ba. Sunan Yaya ya kai garuruwan da bai taɓa takawa ba, manyan jaridu suka fara nemansa tun yana ɗaure. Duk abin da ya zama daga baya, a kan zagin da bai yi ba aka ɗora shi. Ya yi ta ƙaryatawa, a rubuce da a baki, ba wanda yake son ji.

Ranar da aka sake shi, 'yan jam'iyya suka cika ƙofar gidan yari da kiɗa, suna son su ɗaga shi sama su zaga gari. Ya zame musu ta lungu. Ko gida bai shiga ba, ya wuce gidan Inna, ni kuma na bi bayansa. Barorin suka dube shi suka kauce, mai unguwa da kansa yana zaure, ya juyar da kai gefe.

Yaya ya cire takalmi tun daga soro na biyu, ya je ƙofar ɗakinta ya durƙusa.

Ya ce, "Inna, na dawo."

Aka ɗan jima. Da ta ɗaga labule, sai na ga ta yafa mayafi har goshi, kamar yadda ake yi in baƙon namiji ya shigo gida. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta dube shi, da askakken kansa da ramarsa. Sannan ta buɗe baki ta kira sunansa na yanka, sarai, har ta haɗa da na mahaifinmu.

Tsakar gidan ya yi tsit, wata mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Tun da nake a duniya ban taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba. Kunyar ɗan fari take yi masa, daidai da wanda ta haifa. In za ta ambace su sai ta ce "yaran nan", in shi kaɗai ne ta ce "wannan na bayan katanga". 'Ya'yan maƙwabta ne take kira da sunayensu.

Ta ce, "Sannu da zuwa. Allah ya kiyaye gaba. Ka gaida mutanen gidanku."

Ta saki labule. Yaya yana nan durƙushe, hannunsa dafe da ƙasa, sai da na kama kafaɗarsa na tashe shi.

Inna ta yi shekaru bayan haka. Bai taɓa fasa gaishe ta da safe ba, ita ma ba ta taɓa ƙin amsawa ba. Kullum sai ta yafa mayafi ta fito, ta kira shi da sunansa, ta tambaye shi aiki. Shi kuma ya ce aiki da godiya, ya fito ya hau kekensa ya tafi.